Daminar da Mama Ta Zauna a Ƙofar Kofareti

Bana ruwa ya yi mana rowa. Hadari sai ya haɗu a kan duwatsun Kagoro da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta ruri, sannan iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Masarar da na shuka a bayan gida ta fito, ta yi kwanaki tana kallon sama, ta kwanta. A cikin wannan zafin ne na je Kaduna ganin likitan ido, 'yata Tabita ta biya da ni wani babban kanti, irin wanda mutum ke tura keke yana ɗiban kaya da kansa. Da muka zo wurin biya, yarinyar da ke kan na'ura ta ce, "Mama, kuna da katin mamba? Ana tara muku maki, ƙarshen shekara a ba ku kyauta." Tabita ta zaro kati daga jaka ta miƙa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da keken, sanyin kantin yana dukan ƙafafuna, amma hancina ya cika da warin kananzir da sabulun sanda da buhun gishiri mai laima. Na koma shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo.

Lokacin ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Gidanmu yana bayan garin Kafanchan, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, dab da layin dogo, har in jirgin kaya zai wuce kwanukan Mama sukan yi ta kaɗawa a jikin bango. Baba, Malam Yohanna, malamin firamare ne. Mama, Kande, manomiya ce. Ita ke riƙe da gonar acha da ta dawa da 'yar gonar citta a gefen rafi. Mu uku ta haifa: yayana Ishaya, ni Rifkatu, sai autanmu Ayuba wanda bai daɗe da barin nono ba.

Kofareti kantin ƙungiyar gama kai ne. Malamai da ma'aikatan tasha da wasu manoma suka haɗa hannu suka buɗe shi, kuma Baba yana cikin na farko da suka shiga. Yana alfahari da wannan fiye da yadda yake alfahari da kekensa. Yakan ce mini, "Rifkatu, wannan ba kantin wani ba ne, namu ne. In kin sayi sabulu a nan, a wurin kanki kika saya." Ban gane ba, amma nakan gyaɗa kai. Akwai wani kati ruwan ɗorawa mai sunansa, yana ajiye shi a cikin littafin waƙoƙin coci, ba ya fita sai ranar sayayya.

Ranar sayayya kuwa Asabar ce ta farko bayan albashi. Tun da safe Mama za ta dirje mu da soso, ta shafe mu da mai har goshinmu yana ƙyalli. Baba a gaba yana tura keke, Mama a bayansa da babban daro a ka da Ayuba a goye, ni da Ishaya muna tsalle daga wannan katakon layin dogo zuwa wancan. Kantin ɗaki ɗaya ne mai faɗi, rufin kwano, da baranda a gaba. A ciki akwai doguwar kanta ta katako da ta yi santsi saboda gwiwar hannun mutane, da sikeli, da gangar kananzir a lungu. Akawun kantin, Malam Bitrus, ɗan siriri ne mai biro a bayan kunne. Baba zai ajiye kati a kan kanta, ya fara kira: gishiri, sukari, sabulu, ashana, kananzir, lagwanin fitila, madarar gwangwani don Ayuba, wani lokaci kifin gwangwani don ranar Lahadi. Mama tana karɓa tana jerawa a daro, masu nauyi a ƙasa, sukari nesa da kananzir. A ƙarshe Malam Bitrus zai sa hannu a kwalba ya ba mu alewa ɗai-ɗai. Ishaya yakan tauna tasa nan take. Ni nakan ajiye tawa a kumatu har mu kai gida.

Ko allura Baba ba ya yarda a saya a wani wuri in akwai ta a Kofareti, domin gwargwadon sayayyarka gwargwadon bonas ɗinka. Ana gab da Kirsimeti za a jera benci a gindin mangwaron da ke gaban kantin, shugaban ƙungiya, wani tsohon hedimasta da kowa ke kira Baba Hedimasta, ya riƙa kiran suna. Wata shekara mun sami fitilar ƙwai. Wata shekara yadin atamfa, aka ɗinka mana anko ni da Mama, na shiga coci ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Baba ne zai tashi, ya gyara riga, ya je ya yi musabaha ya karɓa. Mama, wadda ta ɗauki daron a ka shekara guda, tana can baya cikin mata tana guɗa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba a lokacin.

Tarin Baba ya fara ne tun kafin Ista. Da farko ya ce allin makaranta ne. Daga baya ya fara ramewa, wandonsa yana zamewa, sai wata safiya Mama ta ga jini a hankicinsa. Aka ce tarin tibi ne, aka sa shi a jirgi zuwa wani asibitin mishan mai nisa inda ake kwantar da masu irin ciwon watanni. A tasha ya leƙo ta taga ya ce wa Mama, "Katin yana cikin littafin waƙoƙi. Kada ku fasa zuwa." Abin da ake ba mu daga albashinsa ya ragu sosai, mafi yawansa kuma yana binsa asibiti.

Sai ruwa ya ƙi zuwa. Mu mutanen wannan yanki ba mu saba da roƙon ruwa ba, mun fi sabawa da roƙon ya tsagaita. Amma a shekarar nan rana ta tsaya a kanmu kamar an kafa ta da ƙusa. Ƙasa ta yi tauri har garma tana tsalle. An yi yayyafi sau ɗaya, kowa ya ruga ya yi shuka, tsiro ya fito ya ƙone. Mama ta sake shuka da irin da ta ɓoye a tulu. Rafin da muke wanki ya koma 'yan kududdufai masu kore. Da rana kwanon rufi yakan yi ta ƙas-ƙas don zafi, kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Mangwaro ne ya riƙe mu a watannin farko, muka ci ɗanye, muka ci nunanne, har bakinmu ya yi gyambo. Da mangwaro ya ƙare aka koma garin ɗorawa, a dama da ruwa a sha, ciki ya cika amma ƙafa ba ƙarfi.

Can arewa abin ya fi namu muni. Manyan motoci suka riƙa zuwa kasuwa suna kwashe dawa da gero, farashi ya tashi sama. Bayan hatsi sai gishiri ya ɓace, sabulu ya ɓace, kananzir ya ɓace. In ka gan su a teburin ɗan kasuwa, kuɗin da zai faɗa maka sai ka riƙe baki. Wuri ɗaya ne ya rage da ake samun su a farashin da: Kofareti. Shi ma ɗan kaɗan ake ba kowane mamba.

Da Asabar ɗin sayayya ta zo, Mama ta yi mana wanka kamar kullum, ta ɗauki daro da kati. Layi ya fito har bakin hanya. Da muka kai kanta ta ajiye katin. Malam Bitrus ya dube shi, ya dube ta, ya cire biro daga kunne ya mayar.

"Maman Ishaya, yaya jikin Malam?"

"Da sauƙi. A ba ni gishiri da sabulu da kananzir."

"Ki yi haƙuri. Kwamiti ya kafa doka. Wasu suna ba 'yan kasuwa aron kati, su kwashi kaya su kai kasuwa. Yanzu sai mai suna a kati ya zo da kansa. In ba shi da hali, ya wakilta ɗan'uwansa namiji."

"Ni ce matarsa. Ka san ni. Wannan daron ka san shi."

"Na san ki, Mama. Amma mace ba mamba ba ce. Ba ni na kafa ba."

Bai ɗaga ido ba da yake faɗa. Ya sa hannu a kwalba ya miƙo mana alewa. Mama ta ce mana da yarenmu, "Kada wanda ya karɓa." Muka dawo ta layin dogo da daro wayam, rana tana dukansa yana walƙiya, ba wanda ya yi tsalle a kan katako.

Wanda bai taɓa cin miya ba gishiri ba ba zai gane ba. Ba ɗaci ba ne, ba tsami ba ne, kamar kana tauna jiƙaƙƙen tsumma ne. Mama ta riƙa tace ruwan toka tana zubawa a rama da tafasa, ta ƙara daddawa da barkono don ta ruɗi harshenmu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu mai ruwa-ruwa. Muna cin abinci tun rana ba ta faɗi ba, saboda fitilar ƙwan da muka samu a bonas tana rataye ba mai. Yau jikokina sukan ture abinci su ce magi bai ji ba. Ba na yi musu faɗa. Ina dai kallon yadda suke barin gishiri a buɗe a kan tebur.

Ruwa ya sauko a ƙarshe, a makare, kuma da fushi. Ranar farko muka fita tsakar gida muka tsaya a cikinsa, har Mama. Ƙasa ta yi wani ƙamshi da har yau in na ji shi sai na tuna ranar nan. Shinge ya fito, muka kama cike da kwano muka soya ba mai. Amma ruwa ba abinci ba ne. Tsakanin saukar ruwa da nunar acha, nan ne yunwa take da haƙora. Ga noma ya taso, ciyawa tana tsere da dawa, ga ciki ba komai. Matan zumunta na cocinmu suka riƙa yin gayya, yau gonar wannan gobe ta waccan. A da mai gona takan dafa fate da wake ta kai wa masu aiki. A shekarar nan kowace mace takan zo da ɗan abin da ta samu a ƙulle a bakin zane, gwaza ɗaya, rogo rabi, a haɗa a raba. Suna noma suna waƙar coci, in numfashi ya ƙare waƙar ta mutu, sai ƙarar fartanya kawai.

A wannan tsakanin ne Baba Tanko ya zo. Yayan Baba ne, uba ɗaya, yana da tebur a kasuwa. Ya zo da yamma a kan keke, an ɗaure buhun dawa a baya. Ya sauke shi a tsakar gida, buhun ya yi wata ƙara mai nauyi da ta sa dukanmu muka fito. Mama ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa.

"Matarmu," ya ce, "na ji abin da ya faru a Kofareti. Ai da kin zo wurina tun farko. Ga dawa, ki yi wa yara tuwo. Katin Yohanna kuma ki kawo, ni zan riƙa karɓa a madadinsa. Dama a hannun namiji ya kamata ya zauna."

"In ka karɓa, Yaya, gidan nan za ka kawo?"

"Zan riƙa ɗiba muku. Sauran in juya shi a kasuwa, kowa ya amfana. Da Yohanna ya dawo ma sai a mayar da sunan nawa, shi da ba lafiya gare shi ba, ina shi ina bin layi?"

Mama ta dubi buhun. Ni ma shi nake kallo. Akwai 'yar ɓula a gefensa, ƙwayoyin dawa ja suna zubowa, kaza ta riga ta iso.

"Na gode, Yaya," ta ce. "In kyauta ka kawo wa 'ya'yan ƙaninka, Allah ya saka. In kuwa na kati ne, ka mayar da shi kan keke."

"Kande, kin san abin da kike faɗa? Dubi yaron nan." Ya nuna Ayuba, wanda cikinsa ya fara tasowa, gashinsa ya fara ja.

"Ina ganinsa. Ni na haife shi."

Baba Tanko ya ɗaure buhunsa cikin fushi. Ya ce taurin kai zai kashe mata ɗa, kuma in hakan ta faru kada ta aiko a kira shi. Da ya fita, Ishaya ya durƙusa yana tsince ƙwayoyin da suka zube, yana korar kazar da gwiwar hannu. Ni kuwa na fashe da kuka na ce, "Mama, kati za mu ci?"

Ba ta mare ni ba, ko da yake na yi tsammani. Ta ce, "Buhun nan zai ƙare kafin ki ƙara tsawo. In ya ƙare, mu je mu tsaya a gaban teburinsa muna roƙon gishirinmu har ku yi aure? Ubanku ya gina abin nan da guminsa, ni na ɗauke shi a kaina. Ba zan sayar ba."

Na ji haushinta ƙwarai a makonnin da suka biyo. Ayuba ya kama zawo, ya daina tafiya, ya koma rarrafe. Ta goya shi cikin ruwan sama zuwa ɗakin shan magani, ma'aikaciyar wurin ta yi mata faɗa a gaban mutane, ta ce wace irin uwa ce ke barin yaro haka. Mama ta karɓi magani ta fito. Ta dawo ta yanka kazar da ke mana ƙwai, ta riƙa ba shi romo da cokali, mu muka sami ƙashi. Har yau Ayuba ne mafi gajarta a gidanmu, kuma in ana wasa yakan ce tsawonsa yana cikin buhun Baba Tanko. Mukan yi dariya. Mama ba ta taɓa yin dariyar wannan wasan ba har ta koma ga Ubangiji.

Asabar ta gaba ta ce mu yi wanka.

"Ina za mu?" in ji Ishaya.

"Sayayya."

Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka yanki ganyen gwaza muka rufe kai. Da muka isa ba ta shiga layi ba. Ta sauke daro a baranda, dab da bakin ƙofa, inda duk mai shiga sai ya raɓa ta, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta kwanto Ayuba ta ɗora a cinya. Ta sa katin a cikin daron, shi kaɗai. Mu kuma ta ce mu zauna a gefenta.

Kunya ta kusa kashe ni. Ga malaman makarantarmu suna wucewa, ga iyayen ƙawayena. Kowa ya zo sai ya rage murya. "Maman Ishaya, lafiya?" Sai ta ce, "Lafiya lau. Sayayya na zo." Malam Bitrus ya fito ya roƙe ta ta tashi, ya ce zai ɗiba mata gishiri daga nasa rabon. Ta ce, "Na gode, ɗana. Ba roƙo na zo ba. Ta kan kanta nake so, a auna a sikeli." Wani malami abokin Baba ya fito da sabulu zai saka mata a daro, ta rufe daron da hannu. Muka zauna, feshin ruwa yana jiƙa mana ƙafafu, warin kananzir yana fitowa daga ciki, har aka rufe kanti. Ta goya Ayuba, ta ɗauki daro, muka koma.

Asabar da ta biyo muka sake zuwa. A ranar ce wata mace ta fita daga layi ta zo ta tsaya a kanmu. Malama Saratu ce, malamar ajinmu, wadda mijinta soja ne da bai dawo daga yaƙin basasa ba. Ita ke karɓar albashinta da hannunta, amma a Kofareti sai ta bi ta hannun ƙanin mijinta. Ta dubi Mama, ta dubi siket ɗinta mai guga, sai ta shimfiɗa hankici ta zauna a ƙasa.

"Mama Kande, matsa mini."

Daga nan abin ya daina zama namu mu kaɗai. Matan ma'aikatan tasha da aka yi wa mazansu canjin wurin aiki suka zo. Gwauraye suka zo. Matan zumunta suka baro gayya da laka a ƙafa suka zo da darukansu. Barandar ta cika, daro a gaban kowace mace, ba komai a ciki. Ba su yi zagi ba, ba su tare ƙofa ba. Wani lokaci su yi waƙar coci a hankali, wani lokaci su yi ta tsifar kan juna. Maza masu shiga sai sun ɗaga ƙafa sun tsallake daruka, wasu suna tsaki, wasu suna sunkuyar da kai. Fastonmu ya aiko a gaya wa Mama cewa haƙuri ado ne ga mace mai bi. Ta ce a gaya wa Fasto tana gaishe shi, kuma haƙurin ne take yi, a zaune.

Baba Hedimasta ya zo da kansa da lema da sanda. Mutumin kirki ne, shi ya koyar da Baba. Ya tsaya a gaban Mama.

"'Yata, kina ba ƙungiya kunya."

"Baba, yunwa ce ta fito da ni. Kunyar a gida na bar ta, ba ta da amfani a miya."

"Doka ce. Ni kaɗai ba zan iya canja ta ba."

"To a tara waɗanda za su iya."

Aka kira taron mambobi a wani aji na makarantar Baba, ranar Lahadi bayan sujada. Maza suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu a sama. Mata suka tsaya a waje suna leƙe ta taga, ni ina tsakanin ƙafafunsu. Aka yi ta magana. Wani ya ce in aka ba mata kati gobe za su nemi kujerar shugaba. Baba Tanko, wanda ba mamba ba ne amma ya shigo a matsayin wakilin gidanmu, ya ce matar ƙaninsa ba ta jin maganar manya, a bar masa ita zai yi maganinta. Yana cikin magana Mama ta bar taga, ta zagaya ta shiga ta ƙofa, Ayuba a bayanta. Ba wanda ya kira ta.

Mama ba ta yi makaranta ba. Hausarta ta kasuwa da coci ce, mace da namiji duk ɗaya take kiransu, kuma ta san ana yi mata dariya a kan haka. Ta tsaya a gaban allo ta ce:

"Ni ban iya magana ba. Amma gishiri da kuna saya, waye yana sa shi a miya? Sabulu, waye yana wanki da shi? Daro, kan waye yana ɗauka? Malam yana asibiti, bai mutu ba. Ko ya mutu, ni ban mutu ba. Ba na roƙon katin Malam. Ku ajiye masa. Nawa nake so, da suna na, Kande. Zan biya abin da kowa ya biya."

Wani ya yi dariya daga baya, amma shi kaɗai ya yi, ya kuma haɗiye ta. Baba Hedimasta ya ce a ɗaga hannu. Na ga hannaye suna tashi a hankali, wasu sai sun waiwaya sun ga na kusa da su. Malam Bitrus, da ke zaune a gefe yana rubutu, ya ajiye biro ya ɗaga nasa. Ba duka suka yarda ba, kusan rabi suka zauna da hannu a cinya, wasu ma suka fita. Amma masu yarda sun ɗan fi yawa. Matan da ke taga suka saki guɗa har tsuntsaye suka tashi daga kan rufi.

Mama ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo ta biya kuɗin shiga. Ranar da aka auna mata gishiri a sikeli, ba mu kai gida ba. A kan layin dogo ta sauke daro, ta kwance ƙullin, ta zuba mana kaɗan-kaɗan a tafin hannu. Muka tsaya muna lasa kamar awaki, idanuna suna ruwa. Ta dangwala a yatsa ta sa wa Ayuba a harshe, ya yamutsa fuska, sannan ya kama yatsan da hannu biyu.

Acha ta nuna ba da daɗewa ba. Ba ta yi yawa ba, amma ta yi. Mata suka shiga da lauje, muka tattake ta da ƙafa a kan dutse, Mama ta yi fate da yakuwa da gauta, da gishiri. Bonas ɗin shekarar bai taka kara ya karya ba, kowa ya san ba a yi ciniki ba. Da Baba Hedimasta ya kira "Kande Yohanna", bokitin ƙarfe ne da sandar sabulu a ciki. Ta tashi daga cikin mata, ta ratsa benci, ta karɓa da hannu biyu. Ba ta bi layin dogo ba ranar. Ta ɗora bokitin a ka ta bi ta tsakiyar kasuwa.

Baba ya dawo ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, ya rame har wuyan rigarsa yana lilo, amma da ƙafarsa ya sauko daga jirgi. Washegari da hantsi Baba Tanko ya iso da dattawa biyu na danginmu. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin gwanda. Baba Tanko ya zayyana komai: an mayar masa da kyauta, an kunyata shi a gaban taro, an zaunar da 'ya'yan gidansu a ƙofar kanti kamar marasa dangi. Dattawan suka ce maganar ba ta da tsawo, Kande ta durƙusa ta ba yayan mijinta haƙuri, a wuce wurin.

Baba ya dubi Mama. Bai ce ta yi ba, bai ce kada ta yi ba.

Ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwa a kwanon sha mai murfi, ta zo gaban Baba Tanko ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya gyara zama, dattawan suka gyaɗa kai.

"Yaya," ta ce, "na durƙusa don kai babba ne, gobe ma zan durƙusa. Ga ruwa, ka sha. Haƙuri kuwa ba zan bayar ba, ban yi laifi ba."

Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, muka zabura mun ɗauka tarin ne ya dawo. Dariya ce. Ya yi ta har ta koma tari na gaske, Ishaya yana bubbuga masa baya, hawaye suna zubo masa, yana nuna Mama da yatsa ya kasa magana.

Mama ta miƙe ta karkaɗe gwiwoyinta. Ta ɗauki fartanya a jikin rumbu ta ce da ni, "Rifkatu, taso. Citta ba za ta tone kanta ba."